Ɗakunan Mama Saratu

Ku samarin da kuke jera baburanku a gindin mangwaron bakin tasha, maganarku tana zuwa kunnena. Wai Baba Hamisu ba shi da wani aiki sai hawa babur a gaba, baƙi suna binsa a baya, ya nuna musu ɗaki da yatsa, a sallame shi ya dawo gida. Wani a cikinku har cewa ya yi da zai samu baƙin, da tuni ya ƙwace mini sana'a. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauke ta kafin in shiga. Tunda yau fasinja ya yi wuya, ku matso in gaya muku yadda take.

A nan Kafanchan aka haife ni. Fatauci ne ya kawo kakana tun jirgin ƙasa na da daraja, mahaifina kuma gishiri da manja ya sayar a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni zaman rumfa bai karɓe ni ba, sai na kama acaba. A nan na haɗu da Baba Ayuba, mutumin Kagoro, tsohon ma'aikacin reluwe. Shi ba ya ɗaukar fasinjan cikin gari. Masu sayen citta ne mutanensa. Sukan bar motar kaya a gari, su hau babur su bi shi ƙauyukan bayan Kwoi, ya nema musu inda za su kwana har a gama auna kaya. Da ƙafarsa ta fara damunsa, ya ce yana son wanda zai riƙa biyo shi da jakunkunan baƙi. Na ce ga ni.

Aikina na farko wani Alhaji ne Bakano, da sabon baburinsa ko ledar kujera bai cire ba. Mun isa ƙauyen da la'asar. Na ɗauka kai tsaye za mu wuce inda za a sauke shi, sai Baba Ayuba ya ja mu gidan mai unguwa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, sannan ya gabatar da baƙo: sunansa, garinsu, abin da ya kawo shi. Sai bayan nan muka je ɗakin. Ni dai na ga ɗaki fes, an share, an shimfiɗa zanin gado mai furanni. Baba ko kallon zanin bai yi ba. Ya yaye shi, ya ɗaga katifa ya sunsuna. Ya zaro tsinken ashana ya bi ɗinkin katifar da shi a hankali, yana neman kuɗin cizo. Ya ɗaga kai ya ƙare wa silin kallo ko zai ga tabon yoyo. Ya leƙa bayi. Ya ce a kawo ruwan da baƙo zai sha, ya kurɓa da bakinsa. Daga ƙarshe ya tsaya a ƙofar gidan, ya buɗe hannuwa kamar mai riƙe da kan babur, ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, lafiya?"

"Mashin ba zai shiga ba."

"To ai sai ya kwana a waje, ga sarƙa ga kwaɗo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Hamisu, mutum zai kwana, mashin ma zai kwana. In mashin yana waje, ido na mai shi yana waje. Gobe zai ce maka gado ne ba shi da kyau."

Sai da aka ciro ƙyauren ƙofar, muka tura babur ciki, aka mayar. Alhajin nan shekara da shekaru bai yarda wani ya kai shi ƙauye ba sai mu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba wanda na ɗauka don ado. Kun ga katakon nan da nake ɗaurewa a gefen babur, kuna mini dariya wai kafinta? Shi ne gadar da babur ke hawa dakali ya shiga ɗaki. Akwai tocila, akwai igiyar roba, sifanar fulogi, faci da famfo, da gidan sauro, don gidan da ya ce maka ba sauro a wurinsa bai taɓa kwanar da ɗan birni ba. Akwai buta da 'yar darduma, saboda in ka kai Musulmi gidan Kirista kada ka bar shi yana jin nauyin tambaya. Amma babban kayan aiki ƙafa ce. Baba Ayuba bai taɓa kai baƙo ɗakin da shi da kansa bai taka ba a wannan watan. Ɗakin da yake da kyau da rani, da damina yana iya zama tafki. Gidan da ke da kirki bara, bana mai gidan ya fara sha, ko an yi rasuwa, ko sun kawo kare mai cizo. Komawa ake yi a duba, kuma man komawar daga aljihunka yake fita.

Ina tare da shi aka fara ganin wasu irin baƙi. Manyan babura masu ƙugi kamar janareto, mutane cikin hular kwano da rigunan fata, daga Abuja, daga Jos, daga Kaduna. Ba citta suke nema ba, ba doya ba. Wai duwatsu suka zo kallo. Baba Ayuba ya daɗe bai gane ba. Yakan ce, "Su ƙona mai daga Abuja don su ga dutse? Dutsen da akuya na yake hawa kullum?" Mun kai su otal a gari, suka ce taga na kallon katanga, ga ƙarar injin wuta har safe. Mun kai su mai tsada, suka ce ba don kafet suka zo ba, kuɗinsu na mai ne da taya. Abin da suke so ɗaki mai sauƙi, mai tsabta, wanda in mutum ya buɗe ƙofa da safe zai ga dutse a gabansa. Baba ya ce shi ya tsufa da koyon sabon karatu. Ya miƙa mini mutanensa gida gida, yana cewa, "Wannan yaro na ne, yadda kuna karɓa na ku karɓe shi." Ya koma gona, ni kuma na shiga yawon neman ɗakunan da ke kallon dutse.

Wannan shi ne abin da ba ku sani ba. Wurin da ya fi kyan gani galibi shi ya fi wahalar ruwa, shi ya fi muguwar hanya. Inda hanya ke da kyau kuma, an riga an gina otal an tsuga kuɗi. Sana'ar duk a tsakanin nan take. Na kwana a ɗakin baƙin fasto, na kwana a gidan malamin makaranta wajen Manchok, na kwana a wani shagon citta da aka share, duk don in ji da jikina ko sanyin wurin mutum zai iya ɗauka, ko zakara na cara a gindin taga, ko hayaƙin murhu na shiga ɗaki.

Gidan Mama Saratu kuwa faci ne ya kai ni. Ina gewaya bayan Dutsen Kagoro ni kaɗai, ƙaya ta huda mini tayar baya a kan wata 'yar hanya mai hawa, bayan na tsallake wani rafi ta kan kwalbati. Ƙauyen ana ce masa Tudun Kanya. Na tura babur zuwa gidan da ke can sama da kowa don in roƙi ruwan da zan nemo hujin tib. Wata dattijuwa doguwa ta fito da kwano a hannu, hannunta duk ƙasar citta. Na durƙusa ina aiki, da na ɗago kai sai na manta da facin. Kwari ne shimfiɗe a ƙasa, gonaki kore shar, gajimare na tafiya a ƙarƙashin ƙafarka maimakon bisa kanka, ga dutsen tsaye a gefe har kana ganin ruwa na zubowa daga jikinsa. A tsakar gidan kuma ga ɗakuna uku a jere, rufin kwano, a kulle.

Na ce, "Mama, su wa ke kwana a nan?"

Ta ce, "Ɓera. Baban yara ya gina ma yara. Shi ya tafi wurin Ubangiji, yara sun tafi Sabon Tasha, can Kaduna. Sai Kirsimati."

Na gaya mata sana'ata. Ta ce ita ba ta buɗe otal ba. Na tafi, na dawo da gishiri. Na sake dawowa da Baba Ayuba a bayana, suka yi ta magana da yarensu ina zaune ina korar kaji. Sannan ta juyo ta kafa mini sharuɗɗa. Ba a shigo mata da giya. Ba a kawo macen da ba matar mutum ba. Ranar Lahadi da safe ba a tayar da mashin sai an fito sujada. Sai ta ƙara da cewa, "In baƙo naka Musulmi ne, kai za ka yanka kaza. Ba na so mutum ya zauna a gida na yana jin tsoron tukunya."

Muka wanke ɗakunan, muka shanya katifu, na sa aka faɗaɗa ƙofar rumbun da ba a amfani da shi ya zama makwancin babura. Ba wuta, sai fitila mai caji, daga baya ta sa 'yar sola. Ruwa daga jikin dutse yake zuwa, sanyi kamar daga firji. Da safe kunun acca, da rana gwate, da yamma tuwo da miyar karkashi. Abin da baƙo zai biya bai kai rabin na otal ɗin gari ba. Na ga manyan mutane sun zauna a kan turmi a tsakar gidan nan, kofi a hannu, sun yi shiru kamar a masallaci. Ita kuwa ba ruwanta da kallon dutse. Takalman baƙi take bi tana gogewa, tana faɗa wai sun shigo mata da laka. Duk wanda ya kwana can sai ya turo wani. Shekarun nan su ne na aurar da 'yata ta fari, na canja babur.

Sai shekarar da citta ta ruɓe. Kun tuna ta, ko da yake wasunku lokacin ba su fara tuƙi ba. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tona sai wari. Daga Kwoi har Kachia ba gonar da ta tsira. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Ga kuma labaran tare hanya, masu manyan babura su ma suka daina zuwa. Na koma ɗaukar fasinja zuwa kasuwa, ina layi tare da sa'o'in 'ya'yan cikina. Mama Saratu duk abin da ta tara a gonar citta ta zuba shi, ya tafi a ƙasa.

Cikin wannan hali, a tsakiyar damina, baƙi biyu suka kira ni. Kabiru, mai shagon kayan wuta a Kaduna, da abokinsa Emeka. Sun ce sun gaji da zaman tsoro, ko kwana ɗaya ne suna so su sha iska. Na je na duba hanya kafin su zo, kwalbati lafiya lau, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. Muka hau da hantsi. Mama ta tarbe su kamar ba abin da ya same ta.

Bayan azahar hadari ya taso daga bayan dutse. Na ga ruwa a ƙasar nan, amma irin na ranar ban taɓa gani ba. Kwanon ɗaki kamar ana zuba masa tsakuwa, magana ma sai da ihu. Da ya tsagaita wajen la'asar sai muka ji wani ƙugi daga ƙasa wanda ba na sama ba ne. Muka gangara. Kwalbati babu. Rafin da yara ke tsallakewa da tsalle ya zama kogi ja wur, yana tafiya da itatuwa. Emeka ya matsa gaba zai ɗauki hoto, ƙasar bakin ta zabtare da shi. Allah ya sa ba cikin ruwan ya faɗa ba, a kan wani dutse ya tsaya, amma da muka jawo shi ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Muka ɗauko shi zuwa gida. Mama ta dubi ƙafar, ta aika aka kira wani dattijo mai ɗori. Shi kuma da ya ga ƙashi ya kusa huda fata, ya ce wannan ba tasa ba ce, ta asibiti ce. Ya dai ɗaure ta da tsagin gora don kada ta motsa. Asibiti yana Kafanchan, mu kuma muna bayan ruwa. Kabiru ya rikice, yana ta kiran waya, yana cewa a turo mota. Na ce masa, "Alhaji Kabiru, ko jirgi aka turo a wancan gefen zai tsaya. Bari ruwa ya faɗa."

Washegari ruwan ya ragu zuwa ƙirji, amma da ƙarfinsa. Ƙafar Emeka ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Mama ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta ta shiga ƙauye gida gida. Ban san abin da ta gaya musu ba. Na dai ga maza suna fitowa, mutanen da gonakinsu suka ruɓe, waɗanda wasunsu ko karin kumallo ba su yi ba. Aka ciro ƙyauren ɗakin tsakiya aka kwantar da Emeka a kai, muka ɗaure shi da igiyar robata. Wani saurayi mai iyo ya ƙetare da igiya ya ɗaure a jikin ɗorawa. Aka ɗora ƙyauren a ka, masu ɗauka a tsakiya, wasu a gefen da ruwa ke bugowa suna tare musu ƙarfinsa da jikinsu. Ni ina gaba da hannu ɗaya a igiya. A tsakiyar rafi ƙafar wani ta zame, ƙyauren ya karkata, Emeka ya kurma ihu yana kiran Yesu, Kabiru a bakin gaɓa yana salati. Mama daga sama ta daka tsawa da yarensu, mutumin ya miƙe. Muka fita.

A wancan gefen na tare wani ɗan acaba, muka sa Emeka a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ƙafar, har bakin titi inda muka samu mota. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai a yanke. Yau yana tafiya da ƙafarsa, da ɗan ɗingishi.

Baburan kuwa sun yi kwanaki a sama. Da ruwa ya koma gwiwa na sake hawa, aka saro gora masu kauri, aka zura ta ƙarƙashin kowane babur, aka ɗauke shi kamar gawa. Na Kabiru nauyinsa ya kai na saniya. Duk kwanakin nan Kabiru a gidan Mama yake, tana ciyar da shi, tana kuma dafa wa masu ɗauka. Ranar da zan sauko na shiga rumbunta neman igiya, na ga tukunyar acca a kife. Kajin ma da na saba kora ba ko ɗaya. Na fito na ce, "Mama, me za ki ci?"

Ta ce, "Gwaza yana nan a bayan gida. Kai dai ka gaishe da mai ƙafa."

Labari ya kai Sabon Tasha. Babban ɗanta, Iliya, ya zo. Mutum ne mai hankali, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya same ni a nan gindin mangwaron ya ce, "Malam, da Mama ce ta faɗi fa? Tana da hawan jini, ƙafa na damunta, ga ba hanya, ga ba abinci. In wani abu ya faru, me zan gaya wa ƙannena?" Na ce gaskiyarka. Ya kwashe ta. Ni na sa kwaɗo a ɗakunan da hannuna.

Sana'a ba ta tsaya ba. Hanya ta yi sauƙi, citta ta fara dawowa kaɗan kaɗan, baƙi suka dawo. Na koma kai su ɗakin fasto, da gidan malamin nan na Manchok, na kuma samo wani wuri kusa da ruwan Matsirga. Duk suna da kyau daidai gwargwado. Amma duk wanda ya taɓa hawa Tudun Kanya tambayarsa ta farko ita ce, "Ina Mama?"

Ana nan wata rana Iliya ya kira ni, ya ce Mama na son ganina. Na kama hanyar Kachia, na wuce Kujama, na shiga Sabon Tasha da azahar. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsaf da shi. Sun ba ta ɗaki mafi kyau, da fanka, da talabijin. Matar Iliya tana kula da ita kamar uwarta. Amma matar da na sani doguwa ta koma 'yar mitsitsiya a kan kujera, ƙafafu sun kumbura, ba ta fita ko ƙofar gida sai ranar Lahadi. Muka gaisa. Ta tambayi Baba Ayuba, na ce yana nan yana fama. Ta tambayi kwalbati, na ce mutanen gari sun yi gayya sun gyara, babur na wucewa, mota dai ba ta hawa. Sai ta ce:

"Malam Hamisu, kai kana nema ma kowa wurin kwana. Ɗan Abuja, ɗan Legas. Ni ce ba za ka nema mani ba?"

Iliya yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Kullum maganar ke nan. Abinci ma ta rage ci. Malam, ni ban san yadda zan yi ba."

Muka fita waje ni da shi, muka zauna a kan benci. Na ce masa ni ba likita ba ne, ba kuma ɗan gidan ba ne, amma duba masauki shi ne aikina, in ya yarda zan duba mata kamar yadda nake duba wa kowane baƙo, in kuma wurin bai yi ba zan gaya masa bai yi ba. Ya ce abu uku ke hana shi barci: wanda zai zauna da ita, magani, da yadda za a fito da ita in ciwo ya tashi. Na ce a ba ni lokaci.

Na hau Tudun Kanya. Iska ta ɗaga kwano biyu, gara ta ci ƙyaure ɗaya, katifu sun tafi. Na nemo Laraba, 'yar ƙanen Mama, mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu tana zaune a gidan iyaye da 'ya'yanta. Ta ce in dai za a bar ta ta kawo kekenta, za ta zauna. Akwai ma'aikaciyar ɗakin shan magani a ƙauyen ƙasa, ta yarda za ta riƙa hawowa tana auna jinin. Na yi magana da 'yan acaba biyu na ƙauyen, suka ce ko wane lokaci aka buga musu suna nan. Kabiru da ya ji, ya aiko da kwano da sabuwar sola. Emeka ya aiko da katifu. Na kwana a ɗakinta ranar da aka yi ruwa don in tabbata ba ya yoyo. Sannan na kira Iliya na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya zo, ya zagaya, ya daɗe tsaye a kan kabarin babansa. Da ya dawo ya ce, "To."

Ranar da aka kawo ta, mota ta tsaya a bakin rafi. Daga nan sai babur. Na ɗauki buhunan citta a hanyar nan, na ɗauki mai naƙuda, amma ban taɓa jin tsoron hanyar ba sai ranar. Ba ta da ƙarfin riƙe ni. Laraba ta kwance zaninta na sama, aka zaunar da Mama a bayana, aka goya mini ita kamar jaririya, aka ƙulle a ƙirjina. Na sa giya ta ɗaya. Iliya na gefe ɗaya, Laraba na ɗaya gefen, suna tafiya da ƙafa suna tare ta. Duk dutsen da na san yana hanyar sai da na kauce masa. Mutanen ƙauye suka fito, matan majami'a suka biyo mu da waƙa. Ita kuwa ta kwantar da kai a bayana. Ina jin numfashinta a bayan wuyana, ina lissafin ko lafiya.

Muka shiga tsakar gida na kashe babur. Aka kwance zanin, aka sauke ta, Iliya ya kawo kujera ya ajiye ta inda za ta ga kwari sosai. Ta ƙi zama. Ta dafa sandarta tana bin gidan da kallo, daga rumbu zuwa madafa, daga madafa zuwa igiyar shanya. Kowa na jiran ta yi kuka ko ta yi addu'a.

Ta ce, "Laraba, wa ya shanya zanin gado na baƙi kusa da murhu? Zai yi warin hayaƙi. Cire shi." Ta juyo wurina. "Kai kuma, yaushe baƙi suna zuwa?"

Na ce, "Mama, ki huta tukuna."

"Na huta a Sabon Tasha. Yaushe?"

"Asabar."

"To ka zo da wuƙa. Kaji na Laraba sun yi girma."

Ta sake ganin damina a gidan, ta ga citta ta yi kyau, tana zaune a kujera tana ba da umarni, baƙi na durƙusawa suna gaishe ta. A can Allah ya karɓi abinsa, aka sa ta kusa da mijinta. Laraba ce ke riƙe da ɗakunan yanzu, kuma sharuɗɗan ba wanda ta sauke.

Jibi ina da baƙi daga Jos, gobe zan hau in duba hanya da katifu. Bayan baburina ba kowa. Wanda yake so ya gani, ya same ni nan bayan sallar asuba, ya sa takalmin da ba ya santsi, kuma ya ci abinci kafin ya fito.